Shin malaman Kirista na farko daga Girkawa suka kwafi maganarsu a kan Allah da rai?

Tambaya: Malam, ina shekara ta biyu a jami'a, ina karatun addinai. Wani malaminmu ya ce duk abin da malaman Kirista na farko suka faɗa game da Allah, da rai, da hikima, da halin kirki, daga falsafar Girkawa suka ɗebo, sai dai suka sa masa rigar Linjila. Haka ne? In ba haka ba ne, mene ne nasu na kansu?

Amsa: Ɗan'uwa, malaminka bai yi ƙarya ba, sai dai rabin zancen ya ba ka. Sun ɗebo, kuma ba su ɓoye ba. Mutane ne da suke rubutu da Girkanci ko Latin, waɗanda suka yi karatu a makarantun da ake koyar da Aflatun, masanin falsafar Girka, da Sisaro, marubucin Roma, kuma ba a shiga kogi a fito a bushe. Abin da ya kamata ka sa wa ido shi ne yadda kayan suka koma bayan an shigo da su gida. A nawa karatun, magana ɗaya ce ta juya komai, wato cewa Allah ya halicci kowane abu daga babu. Da zarar ka yarda da wannan, an riga an ja layi. Mahalicci yana gefe guda, duk wani abu kuma yana ɗaya gefen, har da ran ɗan'adam. Riƙe wannan layin, da shi za ka gane sauran.

Kafin mu yi nisa, bari mu daidaita kalma. Abin da Girkawa suke kira psuke shi zan riƙa kira rai. Na guji cewa kurwa, domin da Bahaushe ya ji kurwa, hankalinsa maye yake tafiya. Rai a nan shi ne abin da ke cikin mutum wanda yake ji, yake tunani, yake so, yake ƙi.

A wurin Aflatun, wanda ya tsara duniya kamar maginin tukwane yake. Ya tarar da yumɓu a ajiye, ya gyara shi ya ba shi siffa. Rai kuma ɗan'uwan abubuwan sama ne, ba ya mutuwa saboda haka asalinsa yake, ya wanzu tun kafin jiki, jiki kuwa kurkuku ne gare shi. Wajen shekara ta 180, Tiyofilas, bishop na Antakiya, ya yi tambayar da ta nuna inda aka rabu. Ya ce wane abin mamaki ne in Allah ya yi duniya daga kayan da suke nan tun da? Ai ko mai sana'a a cikinmu, ka ba shi kaya, zai ƙera maka abin da yake so. Ikon Allah shi ne ya yi abu daga babu. Iraniyus na Liyon, a ƙasar Faransa ta yau, ya faɗi irin wannan a daidai wannan zamanin.

Amma labarin da na fi so in ba ɗalibai ya girmi wannan da 'yan shekaru. Yustin, wanda aka haifa a garin da ake kira Nablus yanzu a Falasɗinu, ya ba da labarin yawon neman iliminsa da kansa. Ya fara zuwa wurin wani malamin Sitokiyawa, wata ƙungiyar masu falsafar Girka, ya ga mutumin bai san kome game da Allah ba, har yana cewa sanin ba shi da amfani. Ya koma wurin wani mabiyin Aristotil, bayan 'yan kwanaki sai malamin ya ce a yi maganar kuɗin makaranta, Yustin ya tattara ya tafi. Na uku, mabiyin Fisagoras, ya ce sai ya fara koyon ilimin kiɗa da na taurari da na awon fili tukuna. A wurin Aflatunawa ne ya sami natsuwa, har ya fara zaton ya kusa ganin Allah da idon hankalinsa. Ran nan yana yawo shi kaɗai kusa da teku sai ya gamu da wani tsoho. Tsohon bai yi masa wa'azi ba, tambayoyi ya dinga jefa masa. In duniya halittacciya ce, rai fa? In rai halittacce ne, da me yake rayuwa? Har ya kai shi inda ba mafita: rai ba shi ne rayuwa ba, rayuwa aka sam masa. Yana raye ne domin Allah ya so ya rayu, kuma ranar da Allah bai so ba, babu shi.

Ka ga bambancin? Aflatun da tsohon nan duka suna cewa rai yana nan bayan mutuwa. Ɗaya ya ce gadonsa ne, ɗaya ya ce kyauta ce. Kuma Yustin bai tuɓe mayafin masu falsafa ba bayan ya zama Kirista, da shi ya ci gaba da koyarwa a Roma. Ya ɗauki kalmar logos, wadda Sitokiyawa suke nufin hankalin da ke tafiyar da duniya da ita, ya haɗa ta da Kalman da aka buɗe Linjilar Yahaya da shi, ya ce wannan Kalman ya watsa irinsa a cikin dukan mutane. Har ya ce irin su Sokaratis, da suka rayu bisa wannan hankali, Kirista ne tun kafin zuwan Almasihu. An fille masa kai a Roma wajen shekara ta 165. Alƙalin da ya yanke hukuncin, Rustikus, shi ma masanin falsafar Sitokiyawa ne, malamin Sarki Markus Awreliyus.

Ba kowa ne ya yi maraba da falsafa haka ba. Tartuliyan na Kartaj, a Tunisiya ta yau, shi ne mai tambayar nan da ta shahara: ina ruwan Atina da Urushalima? Abin dariya shi ne, da ya zauna rubuta littafinsa a kan rai, sai ga shi ya bi Sitokiyawa sau da ƙafa, ya ce rai ma jiki ne, sai dai mai laushi da ido ba ya gani. Ya kafa hujja da labarin mai arziki da Li'azaru, ya ce in ran mai arzikin ba shi da jiki, ina ya sami harshen da yake roƙon a sanyaya masa? Har ya kawo shaidar wata mata a ikkilisiyarsu da ta ce an nuna mata rai a wahayi, mai haske, launinsa kamar iska, siffarsa ta mutum. Ya kuma ce daga iyaye ake gadon rai, kamar yadda ake gadon jiki. A Iskandariya ta Masar kuwa, Kilemas ya ce falsafa ga Girkawa kamar Attaura take ga Yahudawa, mai rakiya ce da ke kai yaro ƙofar malami.

Wanda ya fi kowa nisa shi ne Orijin, ɗan Iskandariya, wanda aka haifa wajen 185. Abin da ya dame shi adalcin Allah ne. Me ya sa aka haifi wani makaho, wani mai gani? Me ya sa aka zaɓi Yakubu aka bar Isuwa tun suna ciki? Akwai ƙungiyoyi a zamaninsa da suke cewa rayuka iri-iri ne tun asali, wasu na ceto, wasu na halaka. Domin ya rushe wannan sai ya ce Allah ya halicci dukan hankula daidai wa daida, da 'yancin zaɓi, tun kafin duniyar nan. Suna kallon Allah, ƙaunarsu ta yi sanyi, kowa ya faɗo gwargwadon sanyinsa. Ya ma danganta kalmar psuke da kalmar sanyi a Girkanci. A nan kam malaminka yana da gaskiya, ƙamshin Aflatun ya yi yawa. Amma lura, ko Orijin bai ce rai ba halittacce ba ne, layin nan bai tsallake shi ba. Kuma ikkilisiya ba ta karɓi ra'ayin ba. An la'anci wannan koyarwa a 543 da kuma 553, shekara wajen ɗari uku bayan rasuwarsa. Ni dai ina ganin an yi masa tsanani. Mutum ne da aka kashe mahaifinsa saboda bangaskiya, shi ma aka azabtar da shi a zamanin Sarki Desiyus, kuma yawancin maganganun nan a matsayin bincike ya kawo su, bai ce hukunci ba ne.

Yanzu mu je ɗakin wata mata da ke kan gargara. A shekara ta 379, Giregori na Nisa, a ƙasar Turkiyya ta yau, ya je wurin yayarsa Makrina yana cikin jimamin rasuwar ɗan'uwansu Basil, bishop na Kaisariya, sai ya tarar ita ma tana kwance. Daga baya ya rubuta tattaunawa a kan rai da tashin matattu, ya sa kansa a matsayin mai shakka, ita kuma yana kiranta malama. Ya ce ta bar shi ya yi kukansa na ɗan lokaci, kamar gwanin mahayi da ke sakar wa doki linzami, sannan ta ja shi. Tsarin littafin na Aflatun ne, domin shi ma ya rubuta tattaunawar Sokaratis a kan rai a ranar mutuwarsa. Amma inda Sokaratis yake murnar rai zai rabu da jiki, Makrina tana cewa rai ba ya mantawa da jikinsa. Ta ba da misalin tukwane. In tukwane suka farfashe, tsingaro ya gauraye, mai su yana iya gane wannan na tuluna ne, wancan na ƙoƙona. Haka rai yake sanin ƙurar jikinsa duk inda ta watsu, har ranar tashi. Mai falsafar Girka ba zai taɓa son wannan magana ba. Ka tuna da Bulus ya ambaci tashin matattu a Atina, ba'a wasu suka yi masa.

Giregorin nan bai bar maganar darajar rai a cikin littafi kawai ba. Da yake wa'azi a kan ayar da mai arziki yake alfahari ya sayi bayi maza da mata, sai ya tambaye shi da nawa ya saya, kwabo nawa ya ga ya kai farashin siffar Allah? A duniyar da bauta ta zama ruwan dare, da wuya ka sami wanda ya yi magana da wannan kaifin a zamanin.

Batun hikima ya fi rikici, domin a wurinsu hikima ba baiwar hankali ba ce kawai, suna ce. Bulus ya kira Almasihu ikon Allah da hikimar Allah. Littafin Karin Magana kuma, a sura ta 8, ya sa Hikima tana magana da bakinta, kuma a fassarar Girkanci da suke karantawa aya ta 22 tana cewa Ubangiji ya halicce ni. To ga layin nan ya dawo. Hikimar Allah a wane gefe take, na Mahalicci ko na halitta? Ariyus, wani limamin coci a Iskandariya, ya ce ayar a fili take, halitta ce, mafi ɗaukakar halitta. Atanasiyus da 'yan ɓangarensa suka ce in haka ne akwai lokacin da Allah yake ba shi da hikimarsa ke nan, ayar kuwa tana magana ne a kan zaman Almasihu mutum. Taron Nikiya na shekara ta 325 ya yanke cewa Ɗan da Uban zatinsu ɗaya ne, aka ƙara tabbatarwa a Kustantiniya a 381. Wanda ya karanta ilimin tauhidi zai ji tambayar ta yi masa kama da muhawarar da aka yi a Bagadaza ƙarni biyar bayan haka, kan ko maganar Allah halittacciya ce. Ban ce wani ya ara daga wani ba, amsoshin ma sun sha bamban, amma duk wanda ya ja layi tsakanin Mahalicci da halitta sai wannan tambayar ta same shi. Ginin nan na Aya Sofiya a Istanbul, wanda aka gama a 537, sunansa Hikima Mai Tsarki yake nufi, ba sunan wata mata ba ne.

Hikimar ɗan'adam fa? A nan sun rage mata tsawo ƙwarai. Wani mai suna Yunomiyus ya yi iƙirarin cewa zatin Allah sananne ne ga hankali, ana iya kama shi da kalma ɗaya. Basil ya amsa cewa ta ayyukansa muke sanin Allah, zatinsa kuwa ba mu isa gare shi ba. Giregori ya bi tarihin Musa ya ce da haske Allah ya fara bayyana gare shi, a kurmin da ke cin wuta, daga baya cikin girgije, a ƙarshe kan dutse cikin duhu. Wato gwargwadon kusantar mutum, gwargwadon ganewarsa cewa bai gani ba. Agustin, bishop na Hippo a Arewacin Afirka, ya taƙaita a wata huɗubarsa cewa in ka gane shi sarai, to ba Allah ba ne.

Halin kirki shi ne inda aron ya fi fitowa fili. Girkawa sun ƙidaya manyan halaye huɗu, hikima da adalci da jarumta da kamun kai. Ambros, bishop na Milan, ya ɗauko su har da tsarin littafin Sisaro ya rubuta wa limamai jagora. Waɗannan huɗun dai su ne Imam Gazali ya kira iyayen kyawawan halaye a cikin Ihya, littafin da ake karantawa a zaurukan malamanmu har gobe, domin ilimin Girkawa ya shiga Larabci ta hannun masu fassara, da yawansu Kirista ne masu harshen Suriyanci, irin su Hunainu ɗan Ishaƙa da ya rasu a 873. Jerin ɗaya ne, amma tambayi kowa daga ina halin kirki yake zuwa. Ga Basitoke, wato mabiyin Sitokiyawa, shi ne abu ɗaya tak da yake mallakarka. Dukiya da lafiya na ƙaddara ne, hali kuwa naka ne, kuma ya ishe ka jin daɗi ko ana gana maka azaba. A wani littafin Sisaro har an ce ba wanda ya taɓa gode wa abin bauta saboda ya zama mutumin kirki. Agustin kuwa ayar Bulus ya riƙe: me kake da shi wanda ba ba ka aka yi ba?

Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya. Littafin Sisaro ne ya fara cusa masa son hikima yana ɗan shekara 19, littattafan Aflatunawa kuma suka koya masa cewa mugunta ba halitta ba ce, rashin alheri ce, kamar yadda duhu yake rashin haske. Bai taɓa musun wannan bashin ba. Amma ya tuna wani dare yana ɗan shekara 16, shi da abokansa suka kakkaɓe 'ya'yan itacen wani maƙwabci. Ba yunwa suke ji ba, yana da waɗanda suka fi su a gida, yawanci ma aladu suka zubar wa. Sokaratis ya ce jahilci ne ke sa mutum aikata mugunta. Agustin ya ce a'a, na sani sarai, haramcin ne ma ya yi mini daɗi. Ciwon ba a sani yake ba, a so yake. Shi ya sa ya mai da halayen nan huɗu fuskokin ƙauna guda ɗaya, ya ce halin kirki shi ne ƙauna da aka jera daidai, kowane abu a so shi a matsayinsa. Daga nan ya kai ga maganar da ni kaina nake ganin ta yi tsauri, cewa nagartar da ba ta fuskanci Allah ba girman kai ne a ɓoye. Addu'arsa ta cewa ka ba da abin da ka umarta, sannan ka umarci abin da ka so, ita ce ta fusata wani malamin Kirista mai suna Filajiyus, wanda yake ganin in Allah ya umarta to lalle mutum zai iya. Taron Kartaj na 418 ya goyi bayan Agustin.

Kada ka ɗauka duk a kan takarda aka yi wannan. A hamadar Masar akwai masu zuhudu da suka mai da shi aikin yau da kullum. Ebagiriyus, wanda ya rasu a 399, ya ƙidaya tunani takwas da ke kai wa rai hari: zarin ci, sha'awa, son kuɗi, baƙin ciki, fushi, ƙosawa, son yabo, girman kai. Ya ce zuwansu ba a hannunka yake ba, zamansu ne a hannunka. Yadda ya siffanta ƙosawa, wadda ya kira aljanin tsakar rana, ba na gajiya da karanta shi. Daga hantsi zuwa azahar yake zuwa. Mai halwa sai ya ga rana ta ƙi motsi, yinin kamar awa hamsin. Ya leƙa taga, ya fito ya dubi rana ya ga saura nawa lokacin cin abinci, ya waiga ko wani ɗan'uwa yana tafe. Sai ya tsani wurin, ya tsani aikin hannunsa, ya ce ƙauna ta ƙare a cikin 'yan'uwa, ya fara tunanin wani gari inda sana'a ta fi sauƙi, ai ko'ina ana bauta wa Allah. Maganin da ya bayar shi ne kada ka bar ɗakin. Duk ɗalibin da ya zauna rubuta kundin digiri ya san aljanin nan. Wannan jeri ne Yahaya Kasiyan ya kai Turai, Fafaroma Giregori Babba ya gyara shi wajen ƙarshen ƙarni na 6 ya zama manyan zunubai bakwai.

Agustin ya taɓa rubutawa, tun kafin a yi masa baftisma a 387, cewa abu biyu kawai yake son sani, Allah da rai. Ya tabbata rai halitta ne, ba ɓangaren Allah ba, kuma ba jiki ba ne. Amma daga ina ran kowane jariri yake zuwa? In Allah yana halittar sabo ga kowa, ta yaya sabon rai zai ɗauki zunubin Adamu, kuma me ya sa jarirai suke shan wahala? In kuwa daga iyaye ake gado, yana tsoron faɗawa ramin Tartuliyan, wato cewa rai ma jiki ne. A 415 ya rubuta doguwar wasiƙa zuwa ga Jerom, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Latin, a Baitalami, yana roƙonsa ya koya masa. Jerom ya amsa da girmamawa, ya ce zamanin ya yi wuya, bai ce kome a kan tambayar ba. Wajen 427, yana tsoho mai shekara saba'in da 'yan kai, Agustin ya zauna yana bitar littattafansa ɗaya bayan ɗaya yana gyara kurakuransa. Da ya iso kan asalin rai sai ya rubuta cewa a lokacin bai sani ba, yanzu ma bai sani ba.